Shekara Biyu da Na'urar Distileshan Mai Sarrafa Kanta: Inda Ta Hutar da Ni da Inda Ta Kusa Ba Ni Kunya

Shekara goma sha ɗaya na yi ina durƙusawa gaban silinda, wato doguwar kwalbar awon mai, ina jiran ɗigon farko ya faɗo. Agogo a hannun hagu, hannun dama a kan makunnin hita, ido yana kai-kawo tsakanin bakin bututun kwandensa mai sanyaya tururi da ma'aunin zafi na zaiba, biro a maƙale a bayan kunne. Wanda bai taɓa yin gwajin distileshan, wato tafasa mai a tara tururinsa ana auna zafi, da hannu ba, ba zai yarda cewa mililita 100 na fetur na iya ɗaure babban mutum wuri guda sama da rabin awa ba, ko waya aka kira shi ba shi da hannun ɗauka. Shi ya sa ranar da aka sauke mana na'ura mai sarrafa kanta a ɗakin gwaje-gwajenmu, ni na fi kowa murna, ni kuma na fi kowa yi mata kallon hadarin kaji. Yau shekararta biyu a hannuna. Ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, don akwai ƙorafi a cikin abin da zan rubuta. Ko ba komai, na ga na wasu kamfanonin a ɗakunan abokan aiki, kuma duk kanwar ja ce: hita a ƙasa, kwandensa a ciki, wani idon lantarki da ke bin saman man a cikin silinda, da allon da ake taɓawa.

Ga waɗanda ba 'yan sana'a ba, ga abin da ake aunawa. Tsabtataccen ruwa wurin tafasarsa ɗaya ne, digiri 100 a ma'aunin Salshiyas idan matsin iska daidai yake. Fetur ba haka yake ba. Taron dangi ne na ɗaruruwan sinadarai, wasu marasa nauyi da ke tashi tun zafi bai kai digiri 40 ba, wasu kuma sai an kusa 200 ko an ɗan haura. Dizal da kananzir da man jirgin sama ma haka suke, kowa da iyakarsa. To, sai a auni mililita 100 a zuba a filas mai cin 125, wato kwalbar nan mai zagayayyen gindi da dogon wuya da hannu a gefe. A ba ta zafi, tururin ya bi ta hannun ya shiga bututun da ke nutse cikin ruwan sanyi, ya koma mai, ya riƙa ɗiga cikin silinda. Kai kuma kana rubuta zafin tururin a lokacin ɗigon farko, da lokacin da kashi 5 ya taru, da 10, da 20, har 90 da 95, sannan zafi mafi girma da ma'aunin ya nuna kafin ya fara sauka, wato zafin ƙarshe. Sunan wannan hanya ASTM D86, an fara amincewa da ita a Amurka tun 1921, takwarorinta kuma su ne ISO 3405 da IP 123. Dattijon da ya koya mini aiki bai taɓa kiranta da lamba ba. "Engila" yake cewa, daga sunan Carl Engler, masanin sinadarai ɗan Jamus da ya koyar a Karlsruhe, wanda irin filas ɗin ya gaji sunansa.

Lambobin nan ba ado ba ne. Kashi 10 na farko na fetur shi ke nuna ko mota za ta tashi da sanyin asuba, idan kuma ya cika rashin nauyi, tururi ya toshe hanyar mai a tsakiyar zafi. Wutsiyar kuwa, in ta yi nauyi, ba ta ƙonewa duka, sai ta bar baƙi a inji ta gangara ta tsinka baƙin mai. Ƙa'idar Turai ta fetur, EN 228, ta ce zafin ƙarshe kada ya wuce digiri 210, ta Amurka kuma, D4814, ta tsaya a 225. Dizal a ƙarƙashin EN 590 dole kashi 95 ya gama fitowa kafin a wuce 360. Man jirgin sama na Jet A-1 kashi 10 ɗinsa ba ya wuce 205, zafin ƙarshe 300, ragowar da ta kwanta a filas da abin da ya ɓace a iska kowanne bai wuce kashi 1.5 ba. Digiri guda ya isa ya tsayar da tanki cike da mai, kuma sa hannun da ke ƙasan takardar naka ne.

Abin da na'urar ta fi burge ni da shi shi ne riƙon wuta. A nan ne ake gane gwani a gwajin hannu, a nan ne kuma kowa ke faɗuwa wata rana. Hanyar ta tsara lokaci kamar da gangan don ta wahalar da mutum. Daga kunna wuta zuwa ɗigon farko, minti 5 zuwa 10 ga fetur, har zuwa 15 ga dizal. Daga ɗigon farko zuwa kashi 5 na fetur, daƙiƙa 60 zuwa 100. Daga nan sai man ya riƙa sauka mililita 4 zuwa 5 a kowane minti, ba gudu ba ja da baya, har sai saura mililita 5 a filas, sannan ka kai ga zafin ƙarshe cikin abin da bai wuce minti 5 ba. Matsalar ita ce wutar da ka ƙara yanzu ba yanzu za ka ga aikinta ba, sai bayan wani ɗan lokaci. Ka ga ɗigon ya yi sanyi, ka murɗa, shiru, ka ƙara murɗawa, sai kawai ya ɓarke kamar famfo, zafin ya yi sama, gwaji ya lalace. Na sha zubar da samfuri saboda haka, musamman da yamma in ido ya gaji. Ita na'urar tana auna saurin saukar man a kai a kai, tana gyara wutar kaɗan-kaɗan tun kafin ya kauce. A kan dizal da kananzir da man jirgi, ban cika ganin ta fita daga 4 zuwa 5 ɗin nan ba, kuma tana zana maka layin saurin a allo ka gani da idonka, ba sai ka yarda da maganarta kawai ba.

Amfanin wannan ya fi fitowa a wurin jayayya tsakaninmu. A da, ni da abokin aikina na dare mukan gwada samfuri ɗaya mu sami bambancin digiri biyu ko uku a kashi 95, kowa ya rantse nasa ne daidai, alhali shi hannunsa na da nauyi a kan wuta a ƙarshen gwaji, ni kuma nawa na da tsoro. Yanzu in muka shirya samfurin yadda ya kamata, bambancinmu ba ya kai digiri guda. An daina wannan gardamar, aka koma wasu.

Abu na biyu shi ne gyaran matsin iska. Mai yana tafasa da wuri inda matsin iska ya yi ƙasa, don haka dole a mayar da kowace lamba zuwa matsi na ƙa'ida, kilofaskal 101.3, da lissafin da ake kira na Sydney Young: a cire matsin ɗakinka daga 101.3, a ninka da 0.0009, a sake ninkawa da zafin da ka karanta bayan ka tara masa 273. Kamar wasa ne har sai ka gwada. A ce ɗakinka yana kan tudu, matsin ya nuna 95, ka karanta 357 a kashi 95 na dizal. Gyaran zai kai wajen digiri uku da rabi, sai ga ka a sama da 360. Man da ka ɗauka ya ci jarrabawa ya faɗi. A da da kalkuleta muke yi, layi bayan layi, kuma na taɓa kama kaina na cire maimakon in tara. Na'urar tana da baromita, wato ma'aunin matsin iska, a cikinta, tana yin gyaran nan take, har da na abin da ya ɓace, ta kuma ba ka lambobin ta fuska biyu, na abin da ya taru a silinda da na abin da ya tashi daga filas. In ka ba ta nauyin dizal ɗin ma sai ta lissafo maka ma'aunin siten, mai nuna saurin kamawar dizal a inji, daga kashi 10 da 50 da 90. Shawara ɗaya a nan: ka riƙa gwada baromitarta da wata sahihiya lokaci zuwa lokaci, kuma kada ka kuskura ka gyara ta da lambar da masu hasashen yanayi ke bayarwa, don tasu an riga an mayar da ita matakin teku.

Akwai wani abu game da na'urar da ya ba ni dariya da na fahimce shi, ya kuma rikita yaron da muke koyarwa. Wata safiya na sa shi ya yi gwajin tabbatarwa da toluwin, sinadari guda tsantsa wanda kowane littafi ya ce yana tafasa a digiri 110.6. Can sai ga shi ya zo da takarda, fuska a yamutse.

"Oga, na'urar nan fa ta samu matsala. 109.1 ta ba ni a kashi 50. Na maimaita, haka ta sake ba ni."

Na ce masa, "Malam, je ka ɗauko littafin hanyar ka duba teburin tabbatarwa, sai ka dawo ka gaya mini wa ya samu matsala."

Ya dawo yana sosa ƙeya. Abin da ake nema a na'ura mai sarrafa kanta shi ne tsakanin 108.5 da 109.7, ba 110.6 ba. Dalili kuwa shi ne, duk iyakokin da aka sa wa mai an gina su ne a kan abin da ma'aunin zaiba na gilashi ke nunawa, samfurin 7C ga masu sauƙi da 8C ga masu nauyi. Shi kuma wannan ma'auni yana da nawa wajen amsa zafi, sannan yawancin jikinsa yana waje da filas a cikin iska mai sanyi, don haka kullum yana nuna ƙasa da gaskiya, gibin kuma yana faɗaɗa in zafi ya yi sama. Sensar na'urar mai auna zafi ta filatinam ce, ta fi shi sauri da daidaito nesa ba kusa ba, amma sai aka koya mata ta kwaikwayi nawarsa da kuskurensa don lambobin yau su yi magana da na shekarun baya. Wato an sayo maka sabon abu mai kaifi, aka dakushe shi da gangan. Ni dai ban ga laifin hakan ba, amma ya kamata duk mai sayen na'urar ya san cewa lambar D86 lambar hanya ce, ba ainihin wurin tafasar abin da ke cikin filas ba. Riba ɗaya babba ita ce mun rabu da fargabar fasa ma'aunin zaiba. Wanda ya taɓa bin ƙwayoyin zaiba suna gudu a ƙasan benci ya san abin da nake nufi, ga shi tun bayan yarjejeniyar Minamata ta 2013 mai taƙaita amfani da zaiba, kayan zaiba sai ƙara wuyar samu suke yi.

Sai maganar wuta. Sau ɗaya ta faru, kuma sau ɗayan nan ya isa. Dizal muke yi, an wuce kashi 80, filas ɗin ashe yana da ɗan tsagi a gindi wanda ban lura da shi ba. Ina can gefe ina wanke silinda na ji ƙara kamar an buɗe tayar mota, ƙararrawa ta ɗauka. Kafin in juyo, idon da ke gano harshen wuta ya riga ya yanke hita, iskar kabon dayoksaid ta cika ɗakin filas ɗin. Abin da na tarar baƙin hayaƙi ne a jikin gilashin ƙofa da faifan da filas ke zama a kai wanda ya ƙone. Da a tsohon tebur ne, fuskata na nan tazarar taƙi biyu daga wurin. Tun ranar nake ɗaga kowane filas sama a gaban fitila kafin in zuba masa komai, nake kuma duba cewa tukunyar iskar a buɗe take, don na'urar kashe gobara da aka rufe mata bawul ado ce kawai.

To, nan daɗin ya tsaya. Ga inda gizo ke saƙa.

Fetur mai itanol, wato wanda aka gauraya da sinadarin barasa, shi ne ya fara tona mata asiri. Itanol shi kaɗai yana tafasa a wajen digiri 78, amma in ya gauraya da sinadaran fetur marasa nauyi sai su riƙa tashi tare a ƙasa da haka. Sai ka ga layin zafi ya kwanta ƙasa da 70 na tsawon lokaci kamar ya yi barci, da itanol ɗin ya ƙare kuma ya yi tsalle sama cikin 'yan mililitoci kaɗan. A daidai wannan gaɓa ɗigon yakan tsaya cak. Na'urar ta ga shiru, ta danna wuta, sai man ya ɓarke ya wuce mililita 5 a minti, ta firgita ta janye, ya sake tsayawa. Kuskuren da nake yi ina sabon shiga, shi take yi. Kamfanin ya tallata cewa tana iya gane kowane samfuri da kanta tun gwajin farko. A kan wannan irin man, ban ga haka ba. Sai da na ɓata samfuri uku ko huɗu ina gyara mata matakan wuta da hannu, na ajiye mata su a matsayin shiri na musamman, sannan ta daidaita. In kuma adadin itanol ɗin ya sauya, tsugune ba ta ƙare ba. Abin yabo dai shi ne ba ta ɓoyewa, tana sa jan rubutu a rahoto cewa saurin ya kauce.

Idon da ke bin saman man shi ma yana da nasa halin. Haske yake harbawa ta cikin silinda yana neman inda man ya tsaya, don haka duk abin da ya tare hasken mai ne a wurinsa. Ɗigon da ya fantsama a bango, hazon da ya kwanta a jikin gilashi in ɗaki ya yi laima, ko tsohon ƙarzon buroshi, kowanne na iya sa ta ce an kai kashi 30 alhali ana 28. Ta tilasta mana mu ware mata silindojinta, ba a wanke su da komai mai kaushi, ba a taɓa tsakiyarsu da yatsa. Kuma ba kowace silinda take karɓa ba sai ta kamfaninta, haka ma sensa da matoshin da ke riƙe ta a tsakiyar wuyan filas. Da sensarmu ta fara ba da lambobin da ba su yi mini ba, mun shafe makonni muna jiran sabuwa, injiniyan wakilinsu kuma kullum "gobe ina nan tafe". Da ba mu ajiye tsohon teburin hannu ba, da aiki ya tsaya cik. Wasu saitunan ma an kulle su da kalmar sirri da ba a ba mu ba, abin da har yau yake ci mini rai, tunda ni ke sa hannu a sakamakon, ba su ba.

Akwai kuma ɓata lokaci wajen sauya nau'in mai. Fetur mai saurin tashi yana son kwandensa a digiri 0 zuwa 1. Dizal kuma ana iya ɗumama masa har zuwa 60, don in ta yi sanyi da yawa kakin da ke cikinsa ya daskare a bututu, man ya taru a baya, lambobin ƙarshe su gurɓace. Daga wannan zuwa wancan na'urar tana ɗaukar lokacinta, musamman wajen sauka. Mun koyi mu jera duk fetur da safe, masu nauyi su biyo baya. In wani ya shigo da samfurin gaggawa a tsakiya, sai haƙuri.

Amma duk waɗannan ƙanana ne a kan abin da ya fi damuna, kuma shi ne dalilin wannan rubutu. Na'urar ba ta san abin da ya faru da samfurin kafin ya iso gare ta ba, kuma duk abin da ka ba ta, za ta fito maka da shi a takarda mai tsabta, da lamba bayan ɗigo, da layi mai kyan gani, da kalmar da ke cewa komai ya tafi daidai. Takardar hannu mai gogewa da tabon mai tana sa mutum ya yi shakka. Wannan kuwa ba ta sa kowa shakka.

Ga abin da ya faru. Fetur mai saurin tashi ana ajiye shi ne ƙasa da digiri 10, a rufe ruf, filas da silinda kuma su kasance tsakanin 13 da 18 lokacin aunawa. Wata rana aiki ya yi mana yawa, aka fito da kwalba daga firiji, aka buɗe, aka bar ta a benci murfin a ɗore kawai ba a murɗa ba, har kusan awa guda. Yaron ya zo ya auna, ya ɗora, ya danna. Rahoto ya fito fes: ɗigon farko 41, komai kore. Har na ɗauki biro. Abin da ya tsayar da ni shi ne na san man wannan tanki, ɗigonsa na farko bai taɓa kaiwa nan ba. Na taɓa kwalbar na ji ta da ɗumi. Muka ɗauko ta biyun da ba a buɗe ba, mai sanyi, muka sake. Ɗigon farko 33, kashi 10 ma ya sauko da digiri da yawa. Marasa nauyin sun riga sun gudu ta bakin kwalba tun kafin a kunna wuta, na'urar kuma ta auna abin da ya rage da cikakken daidaito. Ba ta yi ƙarya ba, amma takardar da ta ba mu ba ta man da ke cikin tanki ba ce.

Irin wannan tarkon suna da yawa, kuma babu wanda take gani. In ba ka zura tsumma mara gashi ka share cikin bututun kwandensa ba, ragowar dizal ɗin jiya za ta fito a matsayin ɗigon farkon fetur ɗin yau. In sensa ta ɗan yi sama ko ƙasa da daidai inda hannun filas ya fita, lambobi duka sun goce. In ka bar faifai mai ramin milimita 50 na dizal ka ɗora fetur, wanda nasa 38 ne, wuta za ta lashi gefen filas a ƙarshe ta ɗaga maka zafin ƙarshe. In matoshi bai zauna ba, tururi ya sulale, sai ka ga abin da ya ɓace ya yi yawa ka rasa dalili. In akwai ruwa a samfurin, filas ya riƙa tsalle yana tofar da mai zuwa hannu, maganinsa kuma tun kafin a fara ne, a nemi busasshen samfuri ko a girgiza shi da busasshen sodiyam salfet. Ragowar da ta kwanta ma har yanzu da hannu ake juye ta a ƙaramar silinda mai cin mililita 5 bayan filas ya huce, a karanta da ido, a buga mata lambar. Wanda ya ga dama ya rubuta 1.0 kullum ba tare da ya auna ba, ba za ta musa masa ba. Dattijon da ya koya mini aiki ya taɓa leƙo mu bayan ya yi ritaya, ya tsaya yana kallonta tana aiki, hannu a baya. Na ce, "Baba, ka ga yadda zamani ya zo." Bai ce komai a kan allon ba. Matoshin ya taɓa da yatsa, ya ce in ƙara danna shi.

Wani ya tambaye ni ko za ta yi masa aikin ɗanyen mai. A'a. Wannan gwaji rabuwar da yake yi kaɗan ce, tafasa ɗaya ce kawai, marasa nauyi da masu nauyi suna hawa kan juna. Mai son sanin ainihin abin da ɗanyen mai zai bayar sai ya nemi D2892 mai dogon bututun rarrabewa. Mai nauyi kuma, wanda zai fara fashewa ya sauya kama in aka matsa masa wuta a sararin iska, nasa D1160 ne, inda ake zuƙe iska don ya tafasa da wuri. Akwai D2887 da ke kwaikwayon distileshan da na'urar kuromatogirafi mai rarrabe sinadarai, akwai D7345 mai cin mililita 10 kacal ya gama cikin 'yan mintoci. Duk suna da amfani, sai dai takardun ƙa'idar mai har yanzu D86 ko ISO 3405 suke ambata, shi ya sa filas mai cin 125 bai tafi ko'ina ba.

Shin kwalliya ta biya kuɗin sabulu? A wurinmu ta biya. Ɗakin da ke yin samfuri biyar ko fiye a rana, ko mai ma'aikata da yawa da ke karɓa-karɓa, ya saya, zai ga bambanci a makon farko, a lambobi da kuma a bayan ma'aikatansa. Wanda ke yin biyu ko uku a mako kuwa, teburin hannu mai kyau da mutum mai haƙuri sun ishe shi, don na'urar da ke zaune ba aiki ita ma tana neman tabbatarwa da kulawa. Mai saye ya nemi a haɗa masa da sensa ta biyu, da silinda da filas na ajiya, da faifai na kowane rami, tun a cinikin farko. Ya sa a gwada masa nasa samfurin mafi taurin kai a gabansa kafin ya sa hannu, ba wanda mai tallar ya zo da shi ba. Ya kuma tambayi wa zai zo in ta tsaya, da kwana nawa.

Tsohon teburinmu yana nan a lungu, ban bari an fitar da shi ba. Duk sabon ma'aikaci sai ya yi gwaji goma a kansa, da agogo a hannu, kafin in buɗe masa suna a na'urar. Yaron nan na toluwin ya gama nasa tuni. Makon jiya na same shi ya soke wani gwajin kananzir da rahotonsa ya fito kore tas, na tambaye shi dalili, ya ce ɗigon farko ya zo masa da wuri, yana zargin ba a share bututu ba. Muka zura tsumma, ya fito da jiƙe da dizal.